Babi na 6: Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya

Darasi na 1: Gane lalurar

Akwai yaron da ko an zaunar da shi kan tabarma, ƙafarsa na rawa. An aike shi sayen gishiri, ya dawo da ashana. Malam na magana, ya katse shi. Kowane yaro yana ƙiriniya, amma idan abin ya wuce na sa'anninsa, ya kai wata 6 ko fiye, a gida haka, a makaranta ma haka, to mai yiwuwa lalura ce da likitoci ke kira ADHD, wato lalurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali. A duniya, cikin yara 100 ana samun kamar 5 masu ita. A ƙwaƙwalwa take, bulala ba ta fitar da ita.

Likita ne kawai zai tabbatar, domin yaron da kunnensa ba ya ji sosai, ko wanda ba ya hango allo, shi ma yakan yi kama da haka. Ku fara da asibitin da ke kusa. Daga can ana iya tura ku babba, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware. Kada sunan asibitin ya ba ku tsoro, yaronku ba mahaukaci ba ne.

Darasi na 2: Aike ɗaya, sannan yabo

Wannan shi ne maganin farko, musamman ga yaron da bai kai shekara 6 ba, kuma nan iyaye suka fi tuntuɓe. Mu bi a hankali.

Uwa, je ki kusa da shi. Kada ki ƙwala masa kira daga madafa. Durƙusa, kira sunansa, ki jira ya dube ki. Sannan ki ba shi aike ɗaya: "Ɗauko buta." Ki yi shiru. Idan ya kawo, nan take ki ce, "Yawwa, ka kawo butar, Allah ya yi maka albarka." Sai na biyu: "Wanke ƙafarka."

Aike ɗaya na ce. "Ɗauko buta ka wanke ƙafa ka sa riga ka tafi Islamiyya" aike nawa ke nan? Ƙirga da yatsa. Huɗu ne. Zai riƙe na farko, sauran su zube a hanya.

Mu sake. Kusa da shi. Sunansa. Ya dube ki. Aike ɗaya. Yabo nan take, kada a bari sai dare. Ranar farko ba lallai ya yi ba, kada ki karaya, gobe ki sake. Kina iyawa.

Maigida, har da kai. Wasu sukan gwada kwana biyu su dawo su ce bai yi ba. Idan na tambaya aike nawa aka ba shi, sai a ce uku. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Kuma yabon nan da kuke jin nauyin furtawa, ko sisi ba a biya a kansa. Zagi kuwa ba ya muku wuya.

Darasi na 3: Ƙwayar asibiti

Daga shekara 6 likita na iya ƙara ƙwaya. Wadda aka fi sani ita ce Ritalin, a jikin kwali za ku ga an rubuta methylphenidate. Tana taimaka wa yaro ya natsu na wasu awoyi. Yawanci da safe ake sha, bayan karin kumallo, domin tana rage cin abinci kuma tana iya hana barci. A riƙa komawa asibiti ana auna nauyinsa da tsayinsa. Kada ku saya a kemis ba takardar likita, kada ku ƙara a kan yadda likita ya ce, kada ku ba ƙanensa.

Darasi na 4: Makaranta

Ku roƙi malam ya zaunar da shi a gaba, nesa da taga, ya riƙa ba shi aiki kaɗan-kaɗan.

Darasi na 5: Barci

Lokacin kwanciya ɗaya kullum. A karɓe waya tun bayan magariba.

Aikin gida: rubuta aike uku da za ki ba yaronki gobe, kowanne a layinsa.