Yadda Za Ka Yi Aikin Sa Kai a Gidan Tarihi a Kaduna

Manyan gidajen adana zane-zane na duniya, irin su Metropolitan da ke birnin Niyu Yok a Amurka, wanda aka kafa a 1870, suna dogara ƙwarai da 'yan sa kai wajen tarbar baƙi da zagayawa da su, kuma ba a barin mutum ya tsaya gaban jama'a sai ya sha horo. A Kaduna ba mu da gida mai irin wannan girma, amma muna da abin da ya isa a fara da shi. Akwai Gidan Tarihi na Ƙasa a kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a ginin da ya taɓa zama hedkwatar jam'iyyar NPC, akwai kuma Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce a ƙarƙashin jami'ar da ke ɗauke da sunansa. Mutane da yawa sun girma a garin nan suna wuce ƙofofin waɗannan wurare a keke Napep ba su taɓa leƙawa ba, kuma aikin ɗan sa kai shi ne ya shigo da su, ya sa su tsaya su kalla da kyau.

Kafin ka nemi komai, ka je a matsayin baƙo sau biyu ko uku, ka biya kuɗin shiga, ka lura da yadda ma'aikata suke yi wa mutane bayani da kuma inda hankalin baƙi yake tsayawa. Bayan haka sai ka rubuta wa shugaban gidan takarda, ka faɗi abin da ka iya da ranakun da za ka riƙa zuwa. Kada ka ce za ka zo kullum alhali ba za ka iya ba. Rana ɗaya a mako da ba ta tashi ta fi alkawarin kwana biyar da zai rushe kafin wata ya ƙare. Ka sani kuma cewa Gidan Tarihi na Ƙasa yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, saboda haka ma'aikatansa na gwamnatin tarayya ne, kuma aikin sa kai ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Wanda ya shiga da wannan buri kaɗai yakan gaji da wuri. Abin da za ka samu shi ne sanin makamar aiki, da shaidar mutanen da suka ga hannunka, waɗanda za su amfani ɗalibi ko mai bautar ƙasa a gaba.

Idan an karɓe ka, abu na farko da za ka koya shi ne kame hannu. Ba a taɓa kayan tarihi sai da izinin mai kula da su, domin gumi da maiƙon hannu suna ɓata tagulla da ƙarfe, shi ya sa ake sa safar hannu. Tukunya ko wani abin yumɓu da hannu biyu ake ɗauka, ɗaya a ƙarƙashi, kuma ba a ɗaga shi ta baki ko ta mariƙi. Haske mai ƙarfi yana koɗar da tsofaffin riguna da takardu da fatu, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa, don haka ne ake rage hasken ɗakunan da aka ajiye su. Mu nan muna da ƙarin matsala biyu: ƙurar hunturu da danshin damina. Bushewa tana tsaga itace da ƙwarya, danshi kuma yana kawo fumfuna da gara. Idan ka ga ɗan garin itace a ƙarƙashin wani sassaƙe, alama ce ta ƙwaro yana cin sa daga ciki. Kada ka share, ka kira ma'aikaci ya gani.

Zagayawa da baƙi shi ne inda akasarin sababbi suke tuntuɓe, kuma ni ma na yi. A ranata ta farko da ɗaliban firamare a wani gidan tarihi, na haddace shekaru da sunaye na yi ta zubowa, ban ankara ba sai na ga rabin yaran sun koma bakin taga suna kallon mai sayar da rake. Daga ranar na rage kayan da nake tsayawa a kansu zuwa biyar ko shida a ziyara ɗaya, na kuma koyi fara magana da tambaya. Akwai wata hanya da Abigail Housen da Philip Yenawine suka tsara a Amurka, wadda ta ginu a kan tambayoyi uku: me ke faruwa a nan, me ka gani da ya sa ka faɗi haka, kuma me za mu ƙara ganowa? Tana aiki da Hausa kamar don ita aka yi ta.

Ɗauki misalin kan mutum-mutumin Nok. Ka tara yaran a gabansa, ka yi shiru na minti ɗaya, sannan ka tambaye su abin da suka gani. Wani zai ce idanun suna da kusurwa uku, wata za ta lura an huda ƙwayar idon da hanci, wata kuma, musamman idan mahaifiyarta makitsiya ce, za ta tsaya a kan kitson. Sai bayan sun gama ne za ka ba su labari: an fara cin karo da irin waɗannan kayan a 1928 wajen haƙar kuza kusa da garin Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba a jihar nan, a 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kai da aka samu a yankin Jama'a, wanda aka ce har an taɓa kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Ka gaya musu cewa cikinsa rami ne, an gina shi kamar yadda ake gina tukunya, kuma shekarunsa sun haura 2,000. Daga nan hanya ta buɗe zuwa Ladi Kwali, maginiyar da hotonta yake bayan takardar naira 20, wadda kowane yaro ya taɓa riƙewa bai san ko wace ce ba.

Akwai tambayar da lalle za ta zo, daga yaro ko daga babba: "Malam, wannan ba gunki ba ne?" Kada ka yi dariya, kada kuma ka koma mai wa'azi, domin ba wannan aka ɗauke ka yi ba. Amsar da na ga ta fi kwantar da hankali ita ce a faɗi gaskiya: mutanen da suka yi shi ba su bar rubutu ba, masana suna ci gaba da bincike a kan amfanin da suka yi da shi, a nan kuwa an ajiye shi ne don a san waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan da irin fasaharsu. Wanda bai so ya tsaya ba, ka wuce da shi wajen riguna da kayan doki da makamai ba tare da jayayya ba. Wata tambayar da ke biyo baya ita ce ta kuɗi. Ka bayyana cewa dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana cinikin kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izinin hukuma ba, kuma wanda ya tono irinsu a gona, hukumar ya kamata ya sanar.

Shirya taro don jama'a yana buƙatar sanin garin fiye da sanin tarihi. Kaduna gari ne na Musulmi da Kirista, saboda haka Juma'a da rana da Lahadi da safe duk ba su dace ba. Asabar da hantsi ta fi, a tashi kafin azahar. Makarantu kuwa a tsakiyar zango ake gayyatarsu, ba a makon jarrabawa ba, kuma a aika takarda ga shugaban makaranta aƙalla mako uku kafin ranar, domin a sami izinin iyaye a kuma shirya mota. Idan makaranta ta zo da ɗalibai 80, ka raba su rukuni-rukuni, kowane kada ya wuce 15 ko 20, malami ɗaya a baya. Ka roƙi malamar ajin tun a bakin ƙofa: "Malama, don Allah a bar su su yi tambaya, ko da ta yi kama da shirme." Ranar 18 ga Mayu, wadda ake bikin gidajen tarihi a duniya tun 1977, dama ce mai kyau, sai dai ta faɗo farkon damina, don haka a tanadi rumfa ko zaure.

Taron da ya fi jan mutane shi ne wanda za su yi wani abu da hannunsu. A Gidan Tarihi na Ƙasa akwai sashen masu sana'ar hannu, kuma ko a cikin gari ba a rasa baduku ko masaƙi ko maginiyar tukwane. Ka je da kanka ka gaishe shi, ka ce, "Baba, so muke ka nuna wa yaran nan yadda ake yi," ku yi magana a kan ladan ranar tun kafin ya amsa, domin ya bar rumfarsa ne ya zo. Abin kunya ne a tara manyan baƙi a ba su ruwan roba da abinci, a sallami mai sana'ar da "Allah ya saka". Idan zane ake so a koyar, ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ba su da nisa, kuma a Zariyan ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Yumɓu da fensir da takarda ba su da tsada, amma a yi aikin a waje, nesa da ɗakunan nuni.

Sanarwa ta fi isa ta rediyo da zaurukan WhatsApp na malamai da na unguwanni, da Hausa da Turanci duka. Ka nemi izinin gidan kafin ɗaukar hoto a ciki, ka nemi na makaranta kafin ka sa fuskokin yara a Facebook. Bayan an watse, ka rubuta adadin waɗanda suka zo, da abin da aka kashe, da tambayoyin da ka kasa amsawa, ka miƙa wa shugaban sashen kwafi ɗaya. Tambayoyin nan kuma ka kai su wajen ma'aikatan da suka daɗe a gidan ko ɗakin karatu na Arewa House kafin Asabar mai zuwa.