Kurakuran da ake yi a darasin duwatsu, da yadda malami zai gyara su

Malamin kimiyya a Jos bai da uzurin koyar da duwatsu daga hoton littafi. Giranit na nan a tsaunukan Shere da Riyom, baƙin basalt kuma yana yankin Panyam da Kerang, inda aman wuta ya taɓa malala. Sai dai idan aka ce yara su kawo samfuri, da yawa marmara suke kwasowa. Marmara ba daga narkakken dutse ta daskare ba, ruwa da zafi ne suka cinye wani dutsen suka bar ta. Ko giranit ɗin ma a fasa shi a duba ciki, don bayansa ya riga ya dafe. Mai fasawa ya kare idonsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gwajin sanyaya. Ana so a nuna cewa abin da ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa yakan yi manyan ƙwayoyi kamar giranit, wanda ya huce da sauri a sarari kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne kamar basalt. Sai malam ya ɗauko gishiri, alhali narkewarsa a ruwan zafi da na sanyi kusan ɗaya ce, don haka ba a ganin komai. A yi amfani da alif. A narkar da shi a ruwan zafi har ya ƙi ƙara narkewa, a raba kofi biyu: ɗaya a tsoma cikin ruwan ƙanƙara, ɗaya a naɗe da tsumma ya kwana. Kada kowa ya girgiza shi, kuma wannan ne yara suka fi kasa jurewa.

Wajen gane ma'adini kuwa, launi mayaudari ne. Kwaz, ma'adinin nan mai kama da gilashi da ke cikin giranit, ko shi ɗaya yana zuwa fari, ruwan hoda, ko shunayya. A gwada tauri da ma'aunin Mohs na 1812, inda mai babbar lamba ke karta mai ƙarama: farce 2.5, gilashi wajen 5.5, kwaz 7. Bayan an karta, a shafe da yatsa; idan layin ya goge, gari ne kawai.

A goga ma'adini a bayan tayil, ban da fuskarsa mai sheƙi, don a ga launin garin da zai bari. In yaro ya kawo baƙin yashi yana cewa kuza ce, a ɗauraye shi a faranti da ruwa kamar yadda masu haƙa ke yi: kuza tana da nauyi, ita za ta zauna a ƙasa.