Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Bambance Launin Kan Sarki

A shekarar 1935 Ingila ta fitar da kan sarki na murnar cikar Sarki George na Biyar shekara 25 a kan mulki. Na peni biyu da rabi shuɗi ne. Cikin kuskure aka buga wasu 'yan shafuka da wani shuɗin daban mai sirkin kore, wanda ba shi sarkin ya zaɓa ba, suka sulale har wani gidan waya a unguwar Edmonton da ke Landan. Yau na gama-garin ba ya da wata tsada, shi kuwa na kuskuren dubban fam ake sayensa. Zane ɗaya, rubutu ɗaya, launi kaɗai ya raba su. Irin wannan labarin ne ke sa mai tara kan sarki, da zarar ya ga nasa ya ɗan saɓa wa 'yan'uwansa, ya fara lissafin kuɗi. Galibi kuwa ba abin da ya samu. Ko dai hasken da ya duba da shi ne ya yaudare shi, ko kan sarkin ne ya sha wahalar duniya.

Haske shi ne farkon abin zargi. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana kashe shuɗi ya ƙara wa ja armashi, mai fari fat kuma yana yin akasin haka. Har akan sami tawada biyu da suke zama iri ɗaya sak a ƙarƙashin fitila, a fito da su hasken rana sai kowace ta kama gabanta. Gyaran mai sauƙi ne: a duba kusa da taga da rana, inda haske ke shigowa amma ranar ba ta dukan takardar kai tsaye. Wanda sai da dare yake samun sukuni, ya nemi fitila mai kwaikwayon hasken rana, irin mai lamba 5000K da masu ɗab'i ke aiki da ita, kuma ya tsaya a kanta kullum. A shimfiɗa takarda ruwan toka a ƙasa, domin launin da ke kewaye yana jan ido: ja a kan baƙin shafi ya fi kama da mai haske, a kan fari kuma sai ya yi duhu.

Hoton waya ko na kwamfuta bai isa hujja ba ko kaɗan. Kyamara ta gyara launi yadda ta ga dama, fuskar wayarka ta sake gyarawa. In dole sai an yi da hoto, to a ɗauki wanda ake tantama a kansa tare da wani da aka tabbatar da launinsa, gefe da gefe, a hoto guda.

Inda aka fi yin asara shi ne ɗaukar lalacewa a matsayin launi na musamman, kuma nan ya kamata a daɗe. Tawadar kore sau da yawa haɗin shuɗi da rawaya ce. In kan sarki ya daɗe a rana, rawayar kan riga koɗewa, sai a wayi gari da shuɗin da gidan ɗab'i bai taɓa bugawa ba. Ja yakan koɗe ya koma ruwan hoda. Tsoffin masu ruwan goro da ja, waɗanda aka haɗa tawadarsu da dalma, in suka shaƙi farar wutar da ke cikin iska ko cikin takardar kundi marar kyau, sai su koma ruwan ƙasa, wani lokaci har baƙi-baƙi. Alamar wannan ita ce duhun ba ya bin ko'ina daidai. Sa gilashin ƙara girma za ka ga ya fi taruwa a gefuna da wuraren da tawada ta yi kauri, tsakiyar kuma tana nan da ɗan asalin launinta. Gidan ɗab'i ba ya buga launi dabbare-dabbare.

Ruwa ma yana nasa ɓarnar. Kamfanin De La Rue ya buga wa Ingila jerin 1883 zuwa 1884 masu shunayya da kore da tawada mai zuba, da gangan, don kada wani ya wanke hatimin gidan waya ya sake manna kan sarkin. Duk wanda ya jiƙa koren nan don ya ɓamɓare shi daga ambulan, zai tsamo abu fari-fari kamar wanda aka yi wa wankin shekara. Irin wannan ba launi ba ne mai wuyar samu, lalatacce ne, kuma darajarsa ta faɗi. Don haka kafin a yi murna, a juya bayansa. In tawada ta ratso, ko takardar ta yi fari fiye da kima, ko ta yi rawaya-rawaya saboda tsufa, to abin da ido ke gani a gaba ba shi ne aka buga ba. Takarda mai rawaya tana sa shuɗi ya karkata zuwa kore. Wasu jajayen peni ɗaya na Ingila da aka fara fitarwa a 1841 takardarsu ce ta yi shuɗi-shuɗi saboda wani sinadari da aka yi aiki da shi wurin bugawa, wannan ma yana canza yadda jan yake bayyana.

Sai dogaro da sunan launi. Manyan kundayen da ke jera kan sarki da farashinsu, wato Stanley Gibbons na Ingila, Scott na Amurka, Michel na Jamus da Yvert na Faransa, kowanne da yadda yake raɗa wa launuka suna, kuma ba su taɓa zama sun daidaita ba. Abin da wannan ya kira ja mai duhu, wancan zai iya ba shi wani suna dabam. Kai, a kundi guda ma suna ɗaya yana iya nufin abu biyu a jeri biyu da shekaru suka raba. Katin launuka na Gibbons mai launi 200 yana da amfani, amma da kundin Gibbons kaɗai ake haɗa shi, kuma shi ma yana koɗewa in an bar shi a sarari. Akwai kuma wata matsala: launin katin shafe yake, shi kuwa kan sarkin da aka sassaƙa zanensa a farantin ƙarfe siraran layuka ne da farar takarda a tsakaninsu. Farantin da ya cinye yana ba da layuka sirara, sai a ga kamar launin ya yi haske, alhali tawadar ɗaya ce. A nemi wurin da tawada ta fi cika, kamar bayan harufa ko cikin lambar kuɗin, a gwada can.

Abin da ya fi kowane kati shi ne tara na gama-gari da yawa, masu hatimin da kwanan wata ya fito sarai, a jera su bisa shekaru. A nan ido ke koyon iyakar bambancin da ba ya nufin komai. A da da hannu ake haɗa tawada, yau ta yi kauri gobe ta yi ruwa. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko rinin Jamus ya yanke wa Ingila da Amurka, masu ɗab'i suka koma haɗa abin da ya samu, shi ya sa kan sarkin waɗannan shekarun suke da launuka barkatai. Kwanan wata kuma alƙali ne: in an san launin ya fito a wani bugu na baya, hatimin da ya riga wannan lokaci ya kashe maganar. Kan sarki na senti uku da Amurka ta fitar a 1861 misali ne. Ruwan hoda na gaske, da wanda ake kira jinin tattabara, na bugun farko-farko ne. Abin da ya cika hannun mutane kuwa ja-ja ne na yau da kullum da aka buga birjik a shekarun da suka biyo baya.

Shi kansa idon a binciki lafiyarsa. Maza da dama ba sa bambance ja da kore sosai ba tare da sun sani ba, abin da bai cika samun mata ba, kuma gwajin ido na 'yan mintoci da ake kira Ishihara yana nuna hakan. Lafiyayyen ido ma yana gajiya: in ka ƙura wa ja ido na ɗan lokaci, na gaba da za ka kalla zai yi maka kore-kore. Ka ɗauke kai, ka kalli ruwan toka, sannan ka dawo.

In bayan duk wannan launin bai janye ba, kuma tazarar farashin tana da yawa, a aika wa masana su ba da takardar shaida. Royal Philatelic Society ta Landan, wadda aka kafa a 1869, da Philatelic Foundation ta New York suna wannan aiki, suna da tabbatattun samfura da fitilu na musamman da ke tona koɗewa da rini. Kafin a aika kada a wanke shi, kada a goga masa wani sinadari da sunan gyara, a ɗauke shi da matsefata a sa a leda marar asid. Mai saye kuma, in launi kaɗai ne dalilin tsadar, ya nemi ganin takardar shaidar kafin ya biya, ya kuma duba cewa hoton da ke jikinta na wannan kan sarkin ne, har haƙoran da ke gefensa ɗaya bayan ɗaya.