Darasi na Bakwai: Me Kuke So Shafin Kasuwancinku Ya Kawo Muku?

Wanda zai kai riɗi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tun daren Laraba ya san buhu nawa zai ɗora a mota, ya san farashin da in aka taya ƙasa da shi zai ce albarka. Amma da yawa idan suka zo buɗe shafin kasuwanci a intanet sai su ajiye wannan lissafin a gida. A tambayi mutum me ya sa ya buɗe shafi, sai ya ce "don a san ni." To an san ka, sai me? Mai tallan da duk gari ya san muryarsa amma ya koma gida da farantinsa a cike, bai yi kasuwa ba.

Shafi iri biyu ne. Akwai na kyauta, wato shafin Facebook ko Instagram, da kuma WhatsApp Business, wanda yake da wurin jera kaya da hoto da farashi. Akwai kuma shafi mai zaman kansa, mai adireshi irin wanda yake ƙarewa da .ng ko .com.ng. Shi wannan haya ce, ana biyan kuɗin adireshin da na ma'ajiyarsa, wato wurin da ake ajiye shafin a intanet, duk shekara, in ba a biya ba ya rufe. Ga mai ƙaramar sana'a a ƙauye, shawararmu a fara da na kyauta. Ko wanne aka ɗauka dai, dokar ɗaya ce: a rubuta manufa kafin a ɗora hoto ko ɗaya.

Yadda manufa take

Manufar kirki tana amsa tambaya huɗu: wane kaya, guda nawa, ga su wa, zuwa yaushe. Ku duba waɗannan jimloli biyu.

"Muna so kasuwancinmu ya bunƙasa."

"Muna so mu sayar da galan 20 na man gyaɗa kowane wata ta shafinmu, ga masu abincin sayarwa da matan aure a Dutse da Kano, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu."

Ta farko addu'a ce, kuma Allah ya amsa. Ta biyu ita ce manufa, domin ranar 30 ga Nuwamba za a iya ƙirga galan a ce an kai ko ba a kai ba.

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman duk na koyo ne, kowa ya sa nasa. A ce ƙungiyar mata ce a wani ƙauye kusa da Ringim, suna matse galan 60 a wata. Kasuwar ƙauye tana ɗaukar 40. Sauran 20 'yan sari ne suke kwashewa da rahusa, saboda sun san matan ba su da inda za su kai. Kun ga inda lambar 20 ta fito. Ba daga sama aka ciro ta ba, daga abin da yake kwantai aka samo ta. Da matan sun rubuta galan 200, ranar da ciniki ya faɗa ba su da man da za su bayar, kuma mai saye da aka ce masa "ka yi haƙuri, Alhaji, sai wani satin" sau biyu, ba ya dawowa na uku. Daidai ruwa daidai tsaki.

Lissafi daga baya zuwa gaba

Nan ne aikin yake, don haka mu tsaya a kansa.

In kowane mai saye yana ɗaukar galan 2, galan 20 yana bukatar masu saye 10 a wata. Sai dai ba duk wanda ya tambaya yake saye ba. Wani farashi kawai ya zo ji, wani zai ce "bari in yi shawara da maigida" ba a sake jin ɗuriyarsa. A ce a cikin masu tambaya huɗu, ɗaya ne yake turo kuɗi. Ke nan ana bukatar tambaya 40 a wata, wato 10 a kowane mako. Yanzu manufa ta sauko ƙasa, ta zama abin da mai riƙe da waya za ta iya dubawa duk ranar Juma'a: tambaya goma ta shigo makon nan ko ba ta shigo ba?

Sai lissafin kuɗi. A ce sayarwa kai tsaye tana ƙara Naira 1,500 a kan kowane galan fiye da abin da ɗan sari yake bayarwa. Galan 20 ya ba da Naira 30,000. A cire data Naira 3,000, cajin waya a shago Naira 1,500, ɗan acaɓa zuwa tasha sau huɗu Naira 4,000. An kashe Naira 8,500, saura Naira 21,500. Wannan ita ce ainihin ribar shafin. In aka yi lissafin aka ga abin da ya rage bai kai kuɗin wahala ba, to a ƙara farashi, ko a sauya kaya, ko a haƙura da shafin tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ake ƙirgawa

A sayi littafin rubutu ɗaya, a ja layi biyar a kowane shafin littafin: kwanan wata, sunan mai tambaya da garinsa, inda ya ga tallar, abin da ya nema, ya saya ko bai saya ba. Layi na uku shi ne wanda aka fi mantawa, alhali tambaya ɗaya ce: "Alhaji, a ina ka ga kayanmu?" Bayan wata guda littafin zai nuna ko Facebook ne yake kawo mutane, ko status na WhatsApp, ko kuwa wata ce ta saya ta gaya wa maƙwabciyarta.

Yawan masu bibiya da masu danna alamar so ba ya shiga littafin nan. Mutum 500 su yaba hoto, a ce "Masha Allah, Allah ya kawo kasuwa," ba wanda ya tambayi farashi, kallon kitse ake yi wa rogo. Masu man gyaɗa ma sun fi kowa sanin karin maganar: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Gyara shafi ya bi manufa

Tunda manufar man gyaɗa ce, shi zai zama a sama. Ƙuliƙuli da tunkuza su jira, taura biyu ba ta taunuwa. A ɗauki hoton galan da rana, a tsakar gida mai tsabta, a zuba kaɗan a farin kofi don a ga launinsa. A ƙasan hoton a rubuta lita nawa ne, nawa ne kuɗinsa, wace rana ake aikawa, wa yake biyan kuɗin mota. Masu ɓoye farashi suna cewa "a yi mana magana ta ciki" suna korar mutane, domin mai kunya ba zai tambaya ba. A ƙarshe a faɗi abu ɗaya tak da ake so mai karatu ya yi: ya turo saƙo a wannan lamba. Wanda bai iya karatun boko ba, a ce masa ya turo saƙon murya.

Inda abin yake lalacewa

Idan mutane suna gani ba sa tambaya, matsalar tana kan shafi: hoto ya yi duhu, ko babu farashi, ko bidiyo ya yi nauyi ya ƙi buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi. Idan suna tambaya ba sa saye, a duba jinkirin amsa. Mai abinci da man girkinta ya ƙare da safe ba za ta jira har dare ba. A sa lokacin duba waya sau uku a rana, bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i, a kuma rubuta hakan a saƙon da WhatsApp Business yake turawa da kansa in ba kowa a kusa.

Masu amfani da jerin turawa na WhatsApp, wato hanyar aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, su sani mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarku a wayarsa ba saƙon ba ya isa gare shi. Status kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, sai an sabunta.

Kada a buɗe shafin ƙungiya da layin yaron gida. Ranar da ya tafi cirani Legas, ya tafi da masu sayenku a aljihu. A yi wa sana'a layinta daban, shugaba da ma'aji su san kalmar sirri. In kuma shafi mai zaman kansa ne, a tabbata da sunan ƙungiya aka yi rajistarsa, ba da sunan wanda ya gina shi ba.

Sai batun alat na bogi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon da ya shigo waya ma ana ƙirƙirarsa. A duba abin da ke cikin asusun, ko na banki ne ko OPay ko Moniepoint, kafin galan ya bar gida. A tasha a sa leda a bakin galan sannan a ɗaure murfi, a rubuta suna da lambar mai karɓa a jiki, a karɓi lambar direba da ta mota a tura wa mai karɓa.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya rubuta manufarsa a jimla ɗaya, abokin zamansa ya ja layi a ƙarƙashin kaya, adadi, masu saye da lokaci. Wanda aka samu layi uku kawai a tasa, ya sake rubutawa. Sannan kowa ya lissafa masu saye nawa yake bukata a wata da tambaya nawa a mako, ya zo da littafinsa mai layi biyar a zama na gaba.