Yadda Ake Buga Jinyong Qunxia Zhuan Ba Tare Da An Ɓata Jarumi Tun Farko Ba

Jinyong Qunxia Zhuan wasan kwamfuta ne da ya fito a Taiwan a 1996. Rukunin Heluo ne suka ƙirƙire shi, kamfanin Soft-World ya fitar da shi don tsarin DOS. An gina shi a kan labaran jarumtaka na Jin Yong, marubucin nan na Hong Kong da ya rasu a 2018. Kai ɗan zamanin nan ne da ya farka ya tsinci kansa a duniyar gwanayen takobi da dambe na tsohuwar ƙasar Sin, kuma ba ka da hanyar komawa gida sai ka tara littattafai 14 da ke warwatse a hannun manyan gwanaye.

Wasan ba ya riƙe hannun kowa. Tun da wuri kusan duk taswira a buɗe take, kana iya shiga gidan wanda zai gama da kai da bugu ɗaya ba tare da an yi maka kashedi ba. Amma faɗa ba shi ne yake kayar da yawancin sababbin shiga ba. Abin da ke kayar da su shi ne 'yan shawarwarin da ake yankewa a awannin farko waɗanda ba a iya warwarewa daga baya.

Kunna wasan

Kwamfutar yau ba ta buɗe shi kai tsaye, sai ta cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohon tsarin DOS. Ka zuba fayilolin wasan a jaka guda mai gajeren suna da haruffan boko zalla, domin DOS ba ya jituwa da dogon suna ko haruffan Sinanci. A cikin DOSBox ka rubuta mount c sannan adireshin jakar, ka rubuta c: ka shiga, sai ka kira fayil ɗin da ke tayar da wasan. In tafiya tana jan ƙafa, Ctrl da F12 suna ƙara gudu. In jarumi yana tsalle taku uku da dannawa ɗaya, Ctrl da F11 suna ragewa. Alt da Enter suna cika allo.

Rubutun wasan Sinanci ne na gargajiya. Wanda bai iya ba yana iya ɗora kyamarar waya mai fassara a kan allo, tana wadatarwa ga hirarraki duk da tana kwaɓa sunayen mutane. Wurin sa suna ma yana rikita mutane, don da tsarin Zhuyin na Taiwan ake shigar da shi: ka danna alamomin sauti, ka danna na karin murya, sannan ka zaɓi harafi daga jerin da ya bayyana. Kowane harafi ya isa, sunan ba ya canza komai.

Maɓallan kibiya ne na tafiya, sai dai a karkace suke kai ka saboda yadda aka zana ƙasar. Space na magana da bincike, ESC na buɗe jerin umarni.

Lambobin farko da lambar da aka ɓoye

Bayan suna, wasan zai jefo maka lambobi ya tambaye ka ko ka yarda. Kana iya ƙi sau nawa ka ga dama. Kada ka ɓata dare kana jiran komai ya cika. Ka duba ƙarfin bugu, kariya, da sauƙin jiki, wato qinggong, sai kuma gwanintar dambe tunda da hannu za ka fara. Sauƙin jiki ya fi yadda ake zato muhimmanci: shi ke yanke wanda zai fara motsi a fagen faɗa, kuma kusan kowane maki 15 nasa taku ɗaya ne.

Akwai lamba guda da ba a nuna maka, ita ce basira, zizhi, daga ƙasa har 100. Ita ke yanke yawan abin da jarumi ke ƙaruwa da shi in ya hau mataki, da kuma yawan gogewar da yake buƙata kafin ya haddace kundin faɗa. Lissafin haka yake: a raba basira da 15, a yar da saura, a cire abin da ya fito daga 7. Da wannan ake ninka kuɗin kundin. Mai basira 90 zuwa sama sau 1 yake biya, mai basira 20 sau 6. Tazarar ba kaɗan ba ce, tunda iyakar mataki 30 ne. In jarumi ya kai 30 da ƙananan lambobi, ba sauran hawa, sai abin da kundaye da magunguna suka ƙara masa.

Duk da haka ƙarancin basira ba asara ba ce zalla. Dabarar bugu da hannu biyu, wadda ake samu wurin tsoho Zhou Botong a Kwarin Furanni, ba ta shiga kan mai basira fiye da 25, kuma wanda ya iya ta sau biyu yake kai hari a juyi ɗaya. Ga mai bugawa karon farko dai, babbar basira ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hanyar gane inda ka faɗa ita ce ka ba jarumi kundin farko da ka samu ka ga gogewar da aka nema, sannan ka ba wani abokin tafiya kundin ka kwatanta. In naka ya ninka nasa sau da yawa, gara ka sake farawa tun ba ka yi nisa ba.

Awar farko

Ka bincike gidanka kaf kafin ka fita, akwai 'yan kuɗi da magani. Masaukin Heluo yana dab da gidan ta arewa. Ka ba yaron masaukin azurfa ta cikin jerin kaya, ba ta magana kawai ba, shi zai tura ka wurin Nan Xian, dattijon kudu. Kada ka ratse ko'ina sai ka same shi, domin a wurinsa ake samun kamfas. Kamfas yana nuna lambobin inda kake tsaye da inda ka bar jirgin ruwa. Ka tanadi takarda da biro, duk ƙofar da ka gani ka rubuta lambobinta ko da ba ta buɗu ba, saboda wasu wurare sai daga baya suke buɗewa. Gidanka yana 357 da 235, kuma kwana a can kyauta ne, masauki kuwa sai an biya.

Ajiyar wasa gurbi uku ce kacal, kuma a babbar taswira kaɗai ake yin ta, ba a cikin gida ko kogo ba. Ka raba su haka: ɗaya na kullum kafin kowace ƙofa, ɗaya kafin babbar shawara, ɗaya tsoho da ba ka taɓawa sai ka gama wani babban sashe. Wanda ke danne gurbi ɗaya kullum, ranar da ya gane ya yi kuskure awa biyar baya ba shi da wurin komawa.

Damben da kowa ke rainawa

Jarumi yana farawa da dabara ɗaya, Yeqiu Quan, dambe mai rauni da ba ya kai wa nesa. Kowace dabara tana da daraja 10. Duk bugun da ka yi da ita tana samun maki 1 ko 2, maki 100 daraja ɗaya, wato kana buƙatar 900 kafin ka kai ƙoli, bugu wajen 600 ke nan. Daga daraja ta 1 har ta 9 wannan damben abin tausayi ne, amma da ya taka ta 10 sai ya koma cikin mafi ƙarfin dabarun wasan gaba ɗaya, ga shi ba ya shan ƙarfin ciki sosai, wato lambar da dabaru ke cinyewa in an yi bugu da su. Masu wasan sun daɗe suna yi masa kirari saboda haka.

Abin da ke hana mutane kai shi can shi ne da sun sami dabarar takobi mai kyau sai su watsar da shi. Yawan bugu ake ƙirgawa, ba yawan waɗanda ka kayar ba. Saboda haka rauninsa ma riba ce: ƙananan 'yan fashi da almajiran ƙofar gida da za su sha bugu biyar kafin su faɗi sun fi maka amfani da dambe fiye da a share su da sara ɗaya. Ka bar manyan dabaru don manyan gwanaye.

Mutum ɗaya dabaru 10 kaɗai yake iya riƙewa, kuma ba a goge wadda aka koya. Kada ka cika gurabun jarumi da duk tarkacen da ka tsinta. Ka tabbata cikin goman akwai mai bugun layi, da mai share fili, don faɗa da taro.

Kundaye, kuzari da abin da ke hana bugu

Kundi ana ɗora wa mutum ne ta jerin kaya, ɗaya a lokaci guda, kuma gogewar faɗa ce ke cika shi. Wanda bai shiga fage ba bai sami komai ba, wanda ya yi bugun ƙarshe shi ke kwasar kaso mai tsoka. In kana renon sabon aboki, ka raunata abokin gaba da manya ka bar masa ƙarasawa. In wasan ya ce wane bai dace da kundi ba, dalili ɗaya ne cikin uku: lambar takobi ko dambe ko ƙarfin cikinsa ba ta kai ba, ko basirarsa ba ta dace ba, ko kuma irin ƙarfin cikinsa ya saɓa. Ƙarfin ciki iri biyu ne, yin da yang, sai na uku da ya haɗa su. Kundin da ke neman yang ba ya karɓar wanda nasa yin ne, komai ƙarfinsa. Akwai kuma kundaye biyu, Bixie da Kuihua, da wasan zai tambaye ka ko ka yarda a dandaƙe mai koyon kafin ya fara. Ba wasa yake yi ba, kuma in ka amsa ba a dawowa.

Kuzari, tili, daga 100 yake sauka da kowane bugu. In ya gaza 10 umarnin hari ɓacewa yake daga jerin, in ya gaza 50 mai magani ba ya iya warkarwa ko cire guba. Wannan ne ke sa a ga likita tsaye a fage ba ya aikin komai a daidai lokacin da ake nemansa: an bar shi yana kai bugu tun farkon faɗa. Ka ajiye shi a baya yana hutawa. Rauni kuma daban yake da raguwar jini, wato lambar rai, yana rage taku, yana kuma tsiyayar da jini kowane juyi kamar guba, don haka cika jini kaɗai ba ya isa. Magunguna da wasu kayan kariya ana sayensu wurin Wei Xiaobao, ɗan kasuwar da ke yawo tsakanin masaukai. In ba ka gan shi a wannan ba yana wancan.

Abokan tafiya da hali

Ayari mutum 6 ne har da kai. Biyu suna da sauƙin samu da wuri. Hu Fei yana can arewa cikin ƙanƙara, yana neman shafi biyu da suka ɓace daga kundin takobin gidansu. Suna hannun Yan Ji, ka ƙwato su ka kai masa. Duan Yu yana masaukin Gaosheng, ka kai shi kogon Wuliang inda ake samun dabarar taku da kundin ƙarfin ciki. Sai dai kada ka shiga da shi gidan Murong a Yanziwu kafin ka gama amfani da shi, don da ya ga Wang Yuyan zai tsaya a can ya bar ka. Ita Wang Yuyan ba ta iya faɗa ba, amma saninta na dabaru yana ƙara wa ayari duka ƙarfi in tana fage.

Hali lamba ce da ke farawa daga 50. Madubin gidan Nan Xian yana nuna ta. Buɗe akwatunan mutane yana rage ta, haka ɗaukar mugu irin Tian Boguang cikin ayari. Taimakon wanda aka zalunta yana ƙara ta. Wasu mutanen kirki ba sa bin mai ƙaramin hali, wasu littattafan kuma hali ke sauƙaƙa su: Guo Jing yana miƙa nasa ba faɗa ga wanda halinsa ya kai 90, in ba haka ba sai an gwabza. Hanyar mugunta tana ba da kaya da kundaye da wuri, hanyar kirki tana rage manyan faɗa. Mafi muni shi ne tsaka-tsaki, a yi sata kaɗan a yi alheri kaɗan, a rasa ribar kowane ɓangare. Ka zaɓi ɗaya tun a awa ta biyu.

Ƙarshen hanya

In littattafai 14 sun cika kuma lambar shahararka ta kai 200, ka koma gida, za ka tarar da takardar gayyata zuwa gasar Dutsen Hua. A nan ne wanda ya jingina da abokai yake gane kurensa, domin gasar ta mutum ɗaya ce, jarumi shi kaɗai yake karawa da gwanaye bi da bi. Saboda wannan ne magungunan da ke ƙara iyakar jini da ƙarfin ciki, waɗanda ke tsayawa a 999, ya kamata su tafi cikinsa tun farko ba cikin abokai ba, haka ma kundayen da ke ɗaga bugu, kariya da sauƙin jiki zuwa 100. Ka shiga da jaka cike da maganin jini da na kuzari, kuma ka yi ajiya a gurbin da ba za ka danne ba.

Wanda ya ci gasar yana samun sandar da ke buɗe ɗakin ƙasa inda ake jera littattafan, kowanne a mazauninsa. Faɗan ƙarshe hali ke zaɓar maka shi. Mai hali sama da 50 miyagu goma ne za su tare shi, wanda ya faɗi ƙasa da haka kuwa manyan gwanayen kirki goma zai fuskanta, kuma su ne suka fi wuyar kayarwa. Kafin ka ɗora littafi na 14, ka duba kuzarin kowa ya cika, likita yana baya, kuma mai dabarar share fili shi ne mafi sauƙin jiki a ayarin don ya riga su motsi.