Yadda ake gano abin da ke karya wuƙar injin milin a kan ƙarfe

A Birnin Kebbi, lokacin casar shinkafa, shaf ɗin injin casa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, kan zo shago da gaggawa a yanka masa gurbin makulli, wato ramin da ɗan ƙarfen da ke kulle shi yake zama. Wuƙa ta karye, maigida ya hau yaron shago da faɗa, a saka sabuwa ita ma ta bi 'yar uwarta. Kafin ka ɓare ta uku, tsaya ka bi waɗannan.

Da farko ɗauki guntun ka duba. Idan baki ya yi shuɗi ya dakushe, zafi ne. Idan ta ɓalle ɗaf kusa da kolet, wato abin da ke damƙe wuƙar a jikin inji, alhali haƙoranta na da kaifi, nauyi ne ya yi mata yawa.

Sai ka goga magagari a jikin ƙarfen. In ya zame bai ci ba, ƙarfen ya yi tauri, wuƙar HSS, wato wadda aka yi da ƙarfen yanka na high-speed steel, ba za ta iya ba. Wurin da aka taɓa yi wa walda ya fi yaudara, domin wuƙa na tafiya lafiya sai ta ci karo da shi.

Na uku, gudun inji. Wuƙar HSS mai kaurin milimita 10 a kan ƙarfe mai laushi tana son juyi kusan 800 a minti. Kada zurfin yanka ɗaya ya wuce rabin kaurinta, wato milimita 5. A tsohon inji ma ni milimita 2 nake ci.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon da ake bari a waje. Tura wuƙar cikin kolet, abin da ya leƙo kada ya wuce ninki uku na kaurinta. Goge kolet ɗin tas, ƙwayar ɓarɓashi ɗaya kan sa haƙori guda ya ɗauki aikin duka. Kulle duk ɓangaren teburin da ba ya tafiya. Idan sukurun teburin ya yi lako-lako, tura ƙarfe ya tari juyin wuƙa. In ka bi juyin, za ta fizgi tebur ta karye nan take.

Share ɓarɓashi daga gurbin da burushi, ba da yatsa ba, ruwan sanyaya kuma ya riƙa zuba ba yankewa.

In aka ɗauke wuta wuƙa na cikin ƙarfe, kashe makunni, janye ta daga aikin tukuna kafin ka tayar da janareto.