Mai shiru-shiru a ofis: yadda ɗan INFP zai ji daɗin aikinsa

In ka taɓa yin gwajin halayyar nan na MBTI, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka haɗa bisa tunanin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, aka ce cikin kala 16 ɗin kai INFP ne, wato mai shiru-shiru da zurfin tunani mai bin abin da zuciyarsa ta kwanta da shi, to matso kusa. Irinku albashi kaɗai ba ya riƙe ku sai aikin ya kwanta muku a rai, kuma mitin ɗin awa biyu ya fi aikin yini guda gajiyar da ku.

Daina jiran mitin kafin ka faɗi ra'ayinka, don kafin ka gama tsara maganar a zuci masu baki sun wuce wurin. Rubuta ta tun da dare ka tura wa oga, ai a rubutu kuka fi kauri.

Inda kuka fi shan wuya shine gyara, oga ya ce rahoton nan bai yi ba sai ka kwana kana saƙa da warwara wai ya tsane ka, alhali shi wallahi ya ma manta. Tambaye shi wane wuri ne bai yi ba, ka gyara kawai. Kuna kuma son komai ya fito tsaf har lokaci ya ƙure, to yanka wa kanka wa'adi kwana 2 kafin na gaskiya.

Koyarwa, fassara da rubutu sun fi karɓar ku, duk da dai gwajin kansa masana na sukarsa, wani in ya maimaita sai ya fito a wani kalar daban. Bayan azahar samu lungu ka zauna kai kaɗai ko minti 15 ne, wayar ma ajiye ta.